Takabar Rakiya a Gidan Allura

Sunan kamfanin a jikin allo dogo ne, da Turanci, ban san wanda ya taɓa karanta shi har ƙarshe ba. Mutanen Gusau Gidan Allura suke ce masa. An buɗe shi a bakin hanyar Funtuwa a shekarun da kuɗin mai suka yi wa gwamnati yawa, lokacin da in ka yi tari da ƙarfi a gaban babban mutum sai ya gina maka masana'anta. Aikinmu haɗa sirinjin roba da robar ƙarin ruwa. Kayan suna zuwa daga Turai a wawware, mu harhaɗa, mu liƙe a leda, a buga hatimi cewa a ƙasarmu aka yi.

Sunana Lidiya, 'yar Sabon Gari, babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ina cikin matan farko da aka ɗauka, kuma tun ranar farko aka gaya mana cewa mu ne ƙazantar. Baturen injiniyan ya faɗa da bakinsa, Malam Idris jami'in ma'aikata ya fassara har da ƙarin gishiri: jikin ɗan Adam yana zubar da ƙura kamar buhun gari mai huji, saboda haka dole a ɗaure buhun.

Ga yadda ake ɗaure shi. Ka wanke hannu da burushi har gwiwa, abin da 'yan'uwana Musulmi suke kira alwalar da ba salla. Ka sa farar riga mai haɗe da wando, farar hula da ta rufe har wuya, takunkumin baki, safar hannu da takalman roba. Ka shiga wani ɗan akurki inda iska za ta buge ka ta kowane gefe. Sannan ka shiga ɗakin aiki, wanda ba taga sai gilashi guda mai kauri da aka yi don baƙi su leƙa. A ciki ba a magana, ba a sauri, ba a susa. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba 'yan kunne, ba mai a ka. Kowace safiya Sista Dibora mai kula da mu tana tsaye a bakin ƙofa da auduga, tana shafa idon kowace mace. In audugar ta yi baƙi, a koma gida. Duk wannan tsabta, in an gama sai a loda katan-katan a motar da ta sauke albasa jiya, amma wannan ba a sashenmu yake ba.

A wata na biyu aka zaunar da Rakiya kusa da ni. Bafullatana ce daga wata ruga a bayan Bungudu, doguwa, mai hannu kamar an yi shi don wannan aiki. Wadda ta saba tatsa ba ta matsa abu fiye da kima. Farin da aka yi a shekarun baya ya cinye musu shanu, mijinta ya kora 'yan da suka rage ya yi Kudu neman ciyawa, ita kuma ta zo unguwar Tudun Wada wajen goggonta, goggon ta samo mata aiki. Ana neman shekara biyu ke nan ba shi ba saƙonsa. Jiransa take yi, kuma ban da wannan jira ba na jin tana da wani abu a duniya.

Ba ita ta gaya mini haka ba, a hankali na tsinta. Rakiya ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta tambayar labarinsa, in ma wani ya ɗauko zancen sai ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran zani. Na yi ta zolayarta a wajen cin abinci.

"Rakiya, wai mijin nan naki ba shi da suna? Ko ba a yanka masa rago ba?"

"Ke dai Lidiya ba ki da kunya," in ji ta, tana dariya a bayan hannu.

Da na gaji sai na sa masa suna Shi. In an yi ruwa mai ƙarfi ta tsaya tana kallon gabas ta kudu, sai in ce, "Shi ma yana can yana jiƙewa." Ta mintsine ni.

Ranar da ta fara aiki ta zo da kayanta na gado: 'yan kunne manya, warwaro har tsakiyar dantse, kitso yana ƙamshin man shanu, ido ya sha kwalli. Sista Dibora ta sa ta cire su ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama sai ta tsaya ta rufe kunnuwanta da hannu biyu kamar an tuɓe ta a kasuwa. Ta ba ni tausayi ƙwarai. Amma ta jure, ta ƙulle kayan a ƙwarya ta tura ƙarƙashin gado. Ko bayan an tashi ba ta sawa, don kwalli ba ya fita a kwana guda, lalle kuwa sai ya yi wata. Sai ta riƙa yawo da farin ɗankwalin da kamfani ya raba mana, ido ja saboda sipirit ɗin da muke goge tebur da shi.

A haka Uwani ta gan ta. Uwani mai tallan nono ce, maƙwabciyar surukar Rakiya a ruga. Ta shigo Gusau ranar wata Laraba da damina, ta ji labarin gilashin da ake kallon mutane kyauta, ta zo ta leƙa. Ta ga mata cikin fari tun daga ka har ƙafa, kowa ya yi tsit, ana motsi a hankali. Ta koma bakin ƙofa ta zauna da ƙwaryarta. Da aka tashi sai ga Rakiya: ba 'yan kunne, ba warwaro, ba kwalli, tafin hannu fari fat, farin ɗankwali, ido ja. Rakiya ta hango ta, kunyar kunnuwanta ta kama ta, ta ja mayafi ta rufe fuska ta faɗa motar kamfani.

A rugarsu abu ɗaya ne ke sa matar aure ta zama haka. Uwani ba ta tambayi kowa ba, don gani ya kori ji. Ta zubar da sauran nonon a kwata, ta kama hanyar Bungudu tana salati.

Ranar Asabar muna cikin aiki sai gilashin baƙi ya yi duhu da fuskoki. Mota guda aka cika, mutanen Bungudu da danginsu na Tsafe, maza da malfuna da sanduna, mata da ƙore. Aka fito da Rakiya, ni ma Sista Dibora ta ce in raka ta. Har an shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiyar bakin ƙofa. Wani dattijo mai farin gemu, Baffa Tambaya, ƙanin mahaifin mijin, ya ɗaga hannu aka yi fatiha, sannan ya dubi ƙasa ya ce:

"Ɗiyata, mun ji abin da yaf faru. Allah shi jiƙan yaron, shi ba mu haƙuri baki ɗai."

Ina riƙe da hannun Rakiya, na ji ya yi sanyi. Ba ta yi kuka ba, don a wajensu kuka gaban surukai abin kunya ne. Ba ta ce yaushe ba, ba ta ce a ina ba. Ta durƙusa ta ce amin. Mutanen suka dubi juna suna gyaɗa kai, ga yarinya mai dauriya, ta daɗe da sani ta haɗiye ita kaɗai.

Ni da ba a haife ni da wannan kunya ba, na matsa kusa da dattijon.

"Baba, sannu da haƙuri. A ina ya rasu?"

"Can Kudu."

"Ciwo ya yi?"

"Kwana ya ƙare, ɗiyata."

"To wa ya kawo labarin?"

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa, ya ga siket, ya gane da wa yake magana. "Ke ɗiyar wa ta? Matatai ta shiga takaba, ke kina tambayar wa yak kawo labari? Mace na shiga takaba banza?"

Na ja Rakiya bayan mota. "Ke, tsaya. Mutanen nan a jikinki suka ga mutuwar. Kayan aiki suka gani. Babu wanda ya zo daga Kudu."

Ta girgiza kai a hankali. "Lidiya, manya su cika mota tun daga Bungudu su taho da ƙarya? Sun ji. Ba su son hwaɗa mani yadda ta kasance, shi ya sa."

"To ki tambaye su mana!"

"In tambayi Baffa zancenai? Da wane baki?"

Ka ji fa. Su sun tabbata ya mutu don sun gan ta cikin fari, ita ta tabbata ya mutu don sun zo gaisuwa, kuma babu wanda al'ada ta yarje wa ya buɗe baki ya tambayi ɗan'uwansa. Na je wajen Uwani, ta ce da idonta ta gani, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Na je wajen goggon Rakiya, ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Kafin magariba ni kaina na fara shakka. Mutum talatin suna kuka, ke kaɗai kina gardama, sai ki ji kamar ke ce marar imani.

Aka yi addu'ar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in da waina. A ruga aka raba abin da ya bari. Ƙaninsa Sule ya samu jaki da rigar Salla, gonar gero ta koma hannun Baffa Tambaya don ya riƙe amana.

Wanda faɗuwa ta zo wa daidai da zama shi ne Malam Idris. Mutum ne mai son jawabi, yana sa kwat a kan kaftani, kuma babu abin da ya hana shi barci irin kwalli. Kullum sai an mayar da mace biyar gida, in an yi biki a Tudun Wada kuwa rabin teburan ba kowa saboda lalle. Sai ga Allah ya kawo masa ma'aikaciyar da addini da kansa ya hana ta ado har wata huɗu da kwana goma. Da kansa ya je ya samo fatawa cewa mai takaba tana iya fita neman abinci da rana. Rakiya ta dawo aiki. Ba ta magana, ba ta dariya, ba ta ɗaga kai. Audugar Sista Dibora kullum fara tas. Sirinjinta babu wanda aka taɓa mayarwa.

Malam Idris ya tara mu a fili ya ce mu yi koyi da ita. Ya ce bincike ya nuna baƙin ciki yana rage ƙura. Ya sa aka ba da sanarwa a rediyo cewa Gidan Allura uban marayu ne, gatan matan da mazansu suka rasu, ga misali nan 'yar Bungudu. Har ya fara aika masinja unguwa-unguwa, duk inda aka ji an yi rasuwar magidanci a kai gaisuwar kamfani tare da bayanin albashi. Ya kuma shirya cewa wani babban jami'i zai zo daga Sakkwato ya miƙa wa Rakiya kyautar agogon bango, a ɗauki hoto.

Ni kuwa ina gefenta ina kallon yadda take ƙarewa. Rigar aikin da ta yi mata daidai ta koma tana lilo a jikinta. In an yi ruwa ba ta ƙara kallon gabas ta kudu ba. Na daina zolaya. Haushi nake ji, na rasa wa zan ji wa.

Saura mako guda babban baƙo ya zo, da hantsi, an kwana ana ruwa. Ina cusa sanda a sirinji sai na ji hannun Rakiya ya tsaya. Na bi idonta. A bayan gilashi wani dogon mutum ne, baƙi wuluk saboda rana, malfa a rataye a wuya, sanda a kafaɗa. Yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, amma wace fuska? Mace arba'in, ido kawai a waje, idon ma ba kwalli. Ya duba, ya sake dubawa, ya sauke kai, ya juya zai tafi.

Rakiya ta miƙe, kujera ta faɗi.

"Hamidu!"

A ɗakin da ko tari sai ka nemi izini, ta kwarma shi har sau biyu. Ranar na fara jin sunan. Mace arba'in suka ji, Sista Dibora ta ji, Bature ya ji daga ofishinsa. Mutum ɗaya ne bai ji ba, don gilashin nan an sayo shi da tsada musamman don kada komai ya ratsa shi.

Fita ta ƙa'ida sai an bi akurkin iska, an tuɓe, an rataye, an sa hannu. A ƙarshen ɗakin kuwa akwai wata jar ƙofa ta gudun gobara da ba a taɓa buɗewa ba, an ce duk wadda ta taɓa ta a bakin aikinta. Rakiya ta doke ta da kafaɗa. Ƙararrawa ta ɗauka, iskar waje ta shigo da warin kwata da ƙudaje biyu, na ji Bature ya yi wata ƙara kamar an taka shi. Na ce tunda an riga an ɓata, bari in ga ƙarshe. Na bi ta.

Masu talla a bakin ƙofa suka ga abu fari fat ya fito da gudu ba fuska, suka watse, mai ƙosai ta bar kaskonta. Rakiya ta ratsa taɓo, takalmi ɗaya ya maƙale, ta sha gabansa a bakin titi. Sai kuma ta tsaya. Kunyar da ta bari a ɗaki ta iso ta. Ta cire takunkumi, ta ja baya, ta durƙusa a cikin taɓon ta dubi ƙasa.

"Sannu da zuwa," in ji ta.

Shi ma ya dubi gefe. "Sannu. Ya haƙuri? Allah shi jiƙan mamaci."

Ta ɗago ta dube shi. Na ga in aka bar wa mutanen nan biyu zancen, za su yi sallama cikin ladabi kowa ya kama gabansa.

"Malam," na ce, "kai ne mijinta?"

"Da can ni na."

"To wa kake yi wa gaisuwa?"

Ya yi ta juya sanda kafin ya amsa. Ashe jiya ya iso Tsafe da shanunsa, ya tsaya wajen wani mai shayi baƙo. Ba zai iya faɗin sunan matarsa ba, sai ya yi tambaya a kaikaice, ko an san wata 'yar Bungudu da aka ce tana Gusau. Mai shayi ya ce wa bai san ta ba, mai takabar Gidan Allura, har a rediyo an faɗa. Hamidu ya yi lissafinsa: ya daɗe, alƙali ya raba auren, ta auri wani, wanin ya rasu. Bai ga laifinta ba. Ya bar shanu a hannun abokin tafiya, ya hau mota don ya yi mata gaisuwa, ya gan ta sau ɗaya, ya koma inda ya fito.

"Miji nawa kake tsammani gare ta?" na ce. "Takabarka take yi! Kai ne mamacin! An ci wainarka, ni ma na ci!"

Ya dubi hannuwansa kamar yana son ya tabbatar yana raye. Sannan ya dubi Rakiya sosai, yadda ta rame, kunnuwanta ba komai. Ita kuwa kukan da ba ta yi ba gaban Baffa Tambaya, wanda ba ta yi ba ranar uku da ranar arba'in, shi ya ƙwace mata a bakin titin Funtuwa, gaban 'yan kamasho da masu rake. Ni ma na yi, ban ɓoye ba.

Malam Idris ya iso yana tattare kwat. Da ya fahimci zancen sai fuskarsa ta fi ta masu gaisuwa baƙin ciki. Ya ja Hamidu gefe ya yi masa barka da zuwa, sannan ya sassauta murya.

"Malam Hamidu, ka ga an riga an sayi agogo, an aika wa Sakkwato. Ko za ka ɗan koma Tsafe ka huta zuwa ranar Alhamis? Da an ɗauki hoto sai ka dawo da ranka, ba wanda zai hana ka."

Hamidu ya ce ya gode, amma ya gaji da mutuwa.

Da yamma aka kori Rakiya saboda buɗe jar ƙofa. Ni aka yanke mini albashin kwana uku. Agogon kuwa aka ba Sista Dibora, da yake ita ma mijinta ya rasu tun kafin yaƙin basasa, babban baƙo bai lura da bambanci ba. A ruga, na ji an ce Sule ya fito taryar wansa sanye da rigar Sallar. Baffa Tambaya ya ce ikon Allah ya fi da haka, amma geron da ke gonar shi ya shuka. Uwani har gobe tana cewa ita dai abin da ta gani ta faɗa.

Bayan kamar wata guda, ina kan tebur, kujerar gefena an ba wata sabuwa daga cikin waɗanda masinja ya samo. Na ji ana kallona, na ɗaga kai. Rakiya ce a bayan gilashi. 'Yan kunnenta suna lilo, warwaro har dantse, kwalli ya yi yawa kamar tana ramuwa, kitso yana sheƙi. A bayanta can nesa Shi yana tsaye yana kallon wani waje, wai ba tare suke ba. Ita ba ta sha wahalar gane ni ba, ta san kujerata. Ta ɗaga hannu, lalle ja har wuyan hannu, ta manna tafin a jikin gilashin. Ban da ikon yin magana, ban da ikon tashi. Na ɗaga safar hannuna kaɗan daga tebur, ta gani, ta yi dariya ba ta rufe baki ba, ta juya ta bi bayansa. Sun yi Kudu tare a ƙarshen kakar nan, ban sake ganinta ba.

Ta bar shatin hannunta na man shanu a gilashin, yatsu biyar. Ta ciki muna goge gilashin nan da sipirit safe da yamma, amma ta waje ba a ɗauki kowa aikin gogewa ba. Malam Idris ya ce zai kafa kwamiti. Har na bar Gidan Allura hannun yana nan, daidai saitin kujerata.